Saude Mai Tauna Wa Kaji Magani

Faɗan da muka yi da Saude a kan zakara ne, kuma har gobe ina cewa zakaran nawa ne, da dawata ya girma. Da hantsi na fito na gan shi ya rakuɓe a gindin turmi, ya saki fukafukai, ido a lumshe. Duk macen da ta taɓa kiwo ta san abin da ake yi. Maza-maza ake neman namiji ya sa masa wuƙa tun da sauran numfashi, kada nama ya tafi a mushe. Na leƙa zaure neman mai yanka, na dawo, sai ga Saude a tsakar gidana. Ta keto ta ɓarakar dangar da ta raba gidajenmu, ta naɗe hanci da baki da gefen mayafi, hannuwanta a cikin leda, har ta riga ta cusa zakaran a buhu.

Na ce, "Ke Saude, sata da rana tsaka?"

Ta ce, "Yaya Dije, ki yi wa Allah. Zan sa a yanka shi a bakin rami. Amma ba mai fige shi, ba mai ci."

"A bakin rami! To ki aika a kira liman mana, a yanko masa likkafani. Ni da nake cin kaza mai mura tun ba ki san hannun damanki ba? Me wuta take bari?"

Ba ta kula ni ba. Sai tambaya take: "Wa ya taɓa shi tun jiya? Jikokinki sun ɗauke shi?"

Na faɗa mata duk abin da bakina ya ɗauko, bakina kuwa ba ya ɗauko kaɗan. Matan maƙwabta suka ɗare kan turame suna leƙe, wata har da cewa a ƙara. Saude ta saɓa buhunta ta fice ta inda ta shigo. Kwana biyu ban amsa gaisuwarta ba. A na uku na tarar da ƙwaryar gyaɗa a gindin danga, na ɗauka, don fushina da ita ne, ba da gyaɗa ba.

Wanda ya ga wannan zai ce matar ta tsani kaji tun fil azal. To ya sani, duk Tudun Kaya ba a yi macen da kaza ta sani kamar Saude ba.

'Yar Kafin Dafga ce. Aure ya kawo ta jikin dangarmu tana 'yar siririya mai fararen haƙora, gidan Malam Sulle manomin gyaɗa, Allah ya jiƙansa. Ta haihu da dama, ƙasa ta karɓe, mace ɗaya ta tsaya mata, Zahra'u, wadda aka kai aure Gwangwan ta ƙasar Rogo. Da maigidan ya rasu sai ya zama daga ita sai kajinta. Maganin kaji kuwa a wajen gwaggonta ta gado shi, kuma ga yadda take yi. In aka kawo mata kaza mai mura ko mai farin kashi, sai ta zauna a tabarma ta matse ta tsakanin cinyoyinta. Ta jefa gautan kaji a baki, da ɗan ɓawon maɗaci, da barkono ƙwaya guda, ta tauna har ya zama ruwa. Sannan ta buɗe bakin kazar da yatsu, ta haɗa da nata, ta fesa mata har maƙogwaro. In hancin kazar ya toshe, ta tsotse majinar ta tofar. Mu muna yamutsa fuska, ita tana dariya, tana cewa maganin da aka daka a turmi matacce ne, sai wanda ya ji ɗumin baki. Wasu su tashi, wasu su mutu, amma waɗanda suka tashi su ake tunawa. Ladanta ƙwai ne, ko ɗan tsako in an yi ƙyanƙyasa, shi ya sa tsakar gidanta ba wurin sa ƙafa.

Nakan ce da ita, "Ranar da kika mutu kaji ne za su yi miki zaman makoki." Ita kuma ta ce, "Sun fi ki iya riƙe sirri, Yaya Dije."

Shekarar da ta biyo bayan korona, an gama cirar gyaɗa, sanyi ya fara sauka, Zahra'u ta kawo 'yarta Ummulkhair yaye. Haka ake yi, a kai yaro gidan kaka, uwa ta sulale ta tafi, ya yi kukansa ya manta da nono. Yarinya ce duma-duma, ba ta cika shekara biyu ba, tafiyarta kamar ta agwagwa. Saude ba ta kiranta komai sai "ƙawata". Kwanakin farko ta ƙi kunu, ta ƙi tuwo, sai kuka har muryarta ta dushe. Sai Saude ta yi abin da kowace kaka take yi. Ta tauna gyaɗa da dabino ta sa mata a baki, in an samu tsoka ita ma ta tauna mata. Ta kuma kamo wata budurwar kaza fara sol ta ce, "Ga kazar yayenki, ƙawata, duk abin da ta haifa naki ne." Shi ke nan aka samu lafiya. Yarinya ta rungume kaza, da ita take yini, a gefenta take barcin rana. Kazar ma, kamar ta san mai ita, ba ta gudu.

Ran wata kasuwar Karaye wani mutum ya zo da mota cike da kajin gidan gona, manya-manya, yana sayarwa kamar kyauta. Mutanenmu suka yi rububi. Ba wanda ya tambayi dalilin arhar. Wasu suka yanka, wasu suka saki a tsakar gida wai su ƙara ƙiba. Ba a yi mako ba kaji suka fara zuba.

Ba irin murar da muka saba ba ce. Kaza tana cikin cin tsaki sai ta kife. Zanko ya yi baƙi, fuska ta kumbura, ƙafafu kamar an zane su da tsumagiya. Aka yi ta kwaso su a kwanduna ana kai wa Saude. Daga safe har rana ta faɗi tana zaune tana tauna tana fesawa, bakinta ya yi ɗaci har ba ta jin gishirin miya, kuma ba wadda ta tashi ko ɗaya. Wuƙaƙe suka yi ta aiki. Gidan da ba su ga nama ba tun layya suka soya kaza safe da yamma, unguwa ta gauraye da ƙamshi kamar ana biki. Bayan nan sai shiru. Ranar da aka fara kiran assalatu babu zakara ko ɗaya da ya amsa wa ladan, na kwanta ina jin kamar garin ne aka kwashe aka bar ni.

A cikin kwanakin nan idon Saude ya yi ja kamar gauta, tana tari, jikinta da zafi. Ta ɗaure kai da tsumma ta ci gaba da hidimarta. Wa zai dafa wa yarinya? Farar kazar nan kuwa a cinyar Ummulkhair ta mutu, yarinyar tana ta jijjiga ta wai ta tashi. Da Saude ta fara jin sauƙi, sai zazzaɓi ya kama ƙawar tata. Aka sayo maganin ruwa a kemis. Zafin ya ƙi sauka. Ƙirjinta ya dinga shiga yana fita, numfashinta yana wani siririn sauti kamar ana busa sarewar kara. Ranar da aka ce a kai ta asibiti, an tafi neman mai babur, Saude tana zaune a zaure da ita a cinya, sarewar ta yi shiru.

Uban yarinyar ya iso a kan babur aka yi mata sutura kafin la'asar. Zahra'u sai da magariba ta kusa ta samu mota. Ta shigo, gaban rigarta a jiƙe, don nonon bai gama ƙafewa ba. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna kusa da uwarta, suka yi ta kallon wuri ɗaya.

Bayan an share makoki ma'aikatan dabbobi suka zo cikin fararen kaya har ka, suka tattara sauran kajin da suka rage, aka haƙa rami a bayan gari, suka yi feshi a akurkai. Mu dai mun ɗauka an gama. Sai ga wasu kuma, na lafiyar mutane, suna bi gida-gida suna tambayar wanda ya yi ciwo. Wanda ya shigo wajen Saude sunansa Ashiru, saurayi ne ɗan wajen Rogo, maganarsa irin tamu. Ya tsuguna ya yi gaisuwa, ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, takunkumi a fuskarsa. Ina zaune, don ba a yin abu a gidan nan ba ni.

Ya ce, "Iya, wa ya fara tari, ke ko yarinyar?"

"Ni."

"Ita tana taɓa kaji?"

"Tana da tata. Tare suke barci."

"Kwano ɗaya kuke ci?"

Wannan ni na amsa. Na ce, "Kai yaro, yaye aka kawo. Tauna mata take yi. Kai da injin markaɗe aka yaye ka?"

Bai yi dariya ba. Ya ɗan sunkuyar da kai, sannan ya tambayi yadda take ba kaji magani. Da aka gaya masa sai ya ɗago ya dubi bakinta. Saude ba wawiya ba ce. Ta ce, "Ɗan nan, me ya sa kake son sanin wanda ya fara?"

Ya ce, "Iya, ciwon nan na tsuntsaye ne. Jefi-jefi yakan tsallako kan mutumin da ya cuɗanya da su sosai, kuma yawanci a nan yake tsayawa, kamar baƙon da bai san hanyar gari ba. Abin da muke yawo muna dubawa shi ne kada wata rana ya koyi fita daga ƙirjin wani ya shiga na wani. In ya iya wannan, kin dai ga korona, an rufe kasuwa an rufe masallaci. Wannan ana tsoron ya fi ta ɓarna. Shi ya sa duk inda kaji suka mutu, mutum biyu suka kwanta a gida ɗaya, sai mun bi diddigi."

"To ita ƙawata ta ina ya shige ta? Ta kazar, ko ta bakina?"

"Ban sani ba, Iya. Ban ma tabbatar shi ne ya kama ta ba. Yara da yawa ciwon haƙarƙari yana ɗauke su a sanyin nan, ba kaza ba komai. Da mun same ta da rai, da mun gwada."

Ya sa tsinke mai auduga ya goga mana maƙogwaro, ita da ni da duk wanda ya shiga gidan. Ya yi ta dawowa yana duba mu ko wani zai yi zazzaɓi. Ba wanda ya yi. Da sakamako ya fito, da kansa ya zo. Ya ce kajin dai an tabbatar murar tsuntsaye ce. Mutane kuwa ba a ga komai a jikin kowa ba. Saude ta ɗago ido. Sai ya ƙara da cewa ita tarin nata ya riga ya wuce kafin a gwada, don haka ba zai rantse cewa ba ta yi ba. Ya ce ko ma ta yi, abin ba ya zama a jiki, ya tafi, ta kwantar da hankalinta.

Da ni ce shi, da na tsaya a maganar farko na yi sallama. Amma yaron kirki ne, an koya masa kada ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Ya faɗi magana goma masu sanyaya zuciya, Saude ta tsince ɗaya ta ƙulle a bakin zane: ban sani ba.

Da hannunta ta rushe akurkin. Ta sare gautan kajin da ke bayan ɗakinta. Tun daga ranar ba wanda ya sake ganin haƙoran nan nata, kullum gefen mayafi yana kan bakinta, ko tana ɗaki ita kaɗai. Ta ware kwanonta da moɗarta. Ta daina zuwa suna. In yara suka rugo gaishe ta, sai ta ja da baya ta manna da bango, ta ajiye musu alewa a ƙasa ta nuna da yatsa. Yaran suka fara cewa mayya ce. Na kama ɗaya na murɗe masa kunne, aka daina faɗa a gabana.

Sai kuma ta ɗauki wani aiki da ba wanda ya sa ta. Duk gidan da aka ce kaza ta yi sanyi, Saude tana bakin ƙofa da buhu da leda. Wa ya taɓa? Wa ya fige? Akwai mai tari? Shi mai tarin ya taɓa kazar, ko kuwa wanda ya taɓa ne ya kwana kusa da shi? Tambayoyin Ashiru ne kaf, ta haddace su kamar Fatiha. Wasu su kore ta, wasu su ba ta kazar don ta rabu da su. Lokacin ne muka yi namu na zakara. In abin ya yi yawa sai ta roƙi mai waya a kira mata Ashiru, shi kuma, Allah ya yi masa albarka, bai taɓa ƙin ɗauka ba. Akwai sa'ad da kaji suka mutu a wani gida a gabas da masallaci, bayan kwana kaɗan jaririn maƙwabtansu, waɗanda ba sa kiwon komai, ya kama tari. Saude ta tare a gindin bishiyar ƙofar gidan, ba ci ba sha na kirki, duk wanda ya fito ta tambaye shi yadda yaron yake numfashi. Da ya warke, ita ce ta kwanta.

In sanyi ya shigo, agwagin ruwa suka fara wucewa ta sama zuwa wajen dam, sai ta tsaya da tsintsiya a hannu tana binsu da kallo har su ɓace. Ashiru ya taɓa gaya mata daga ƙasashe masu nisa suke zuwa, kuma irinsu ne ke yawo da ciwon. Takan ce, "Ga su nan sun dawo. Ko me suka ɗauko bana?"

Abin da ya fi damuna shi ne na azahar. Lokacin da rana ta take, gari ya yi tsit, muna zaune ina tsinkar zogale tana can nesa da ni a kan nata buhun, sai ta tsaya cak a tsakiyar magana.

"Yaya Dije, kin ji?"

"Me?"

"Sarewar."

Na ce iska ce a cikin karan danga. Kullum haka nake cewa. Amma sau ɗaya ni ma na ji, siririya, tana shiga tana fita, daga wajen zauren. Ganye ko ɗaya ba ya motsi a ranar. Na ce da ita iska ce, na tashi na koma gida, ban ƙarasa tsinkar ba.

Wata rana na gaji na zaunar da ita. Na ce, "Ke zo mu yi lissafin nan da hankali, tunda kin zama likita. Lokacin da kike tarin nan, wa yake shafa miki man zafi? Ni. A fuskata kika yi atishawa, na zage ki. Moɗa ɗaya muka sha. Matan da suka cika ɗakinki da makoki, kafaɗa da kafaɗa, wa ya kwanta a cikinsu? 'Yarki a shimfiɗarki ta kwana har aka yi bakwai. In da abin nan ya iya tafiya daga mutum zuwa mutum, da ni zai fara, don ni ce a bakin hanya."

Ta ce, "Ke tsohuwar guzuma ce, ƙirjinki ya yi kanta. Ita ɗanya ce. Kuma ke ban tauna miki ba."

"To ba ga kazar ba? A cinyarta ta mutu."

"Kazar wa ya ba ta?"

Na ce, "Wannan kuma tsakaninki da Ubangiji ne, kuma Ya san da alheri kika ba ta. Amma yaron nan ya ce abin ba ya zama a jiki."

"Shi ne kuma ya ce bai sani ba. Ya ce abin koyo yake yi, Yaya Dije. Komai yana da ranar da ya fara. In a bakina ya fara koyon hanya fa?"

Ni da ba a kayar da ni a magana, ran nan na kakkaɓe zanena na tashi.

Zahra'u ta sake haihuwa, namiji, aka sa masa Mu'az. Saude ba ta je wankan jego ba, ba ta je suna ba. Ta aika da daddawa da kuka da zanen goyo sabo, ta ce ƙafa ce ke damunta. Sau biyu aka kawo mata shi gaisuwa. Daga ƙofar ɗaki ta leƙo, ta ce, "Masha Allahu, ya yi goshin kakansa," ta koma ciki. Ina jin ta ta cikin danga tana jan hanci har suka tafi.

Sai ranar da Zahra'u ta zo ita kaɗai da yaron, da ƙullin kayansa. Wani cikin ne da ita, har ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Uwar mijinta ta riga ta rasu, ba wata kakar sai wannan. Tun daga bakin titi ta taho a ƙasa da shi a kafaɗa, don cikin ya hana ta goyo. Na ji sallamarta na keto ta danga.

Saude tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta riƙe gefen mayafi da hannu biyu.

Na ce, "To, ga mijinki ya zo da kayansa, sai ki share masa ɗaki."

Ta ce, "Ba a gidan nan ba."

Zahra'u ta ce, "Inna, ina zan kai shi? Nonon ya gurɓace, zawo yake yi. In yana ganina ba zai bari ba."

"Ki kai shi ko'ina. Ki ba Yaya Dije."

Na ce, "Ni na haifi uwarsa? Gwiwar tawa ma da kyar take ɗaukata."

Zahra'u ta sauke yaron ta zauna a kan turmi. Kowa ya san mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya ce, kuma tunda aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ran nan ta kira. Ta ce, "Inna, Ummulkhair ni na haife ta. Kwananta ne ya ƙare. Ban taɓa riƙe ki da komai ba, ko a mafarki. Na rasa 'ya, sai kuma ki sa na rasa uwa tana raye?"

Saude ta girgiza kai. Ta ce, "Ki yafe mini, 'yar nan. In na karɓe shi ya yi tari ko sau ɗaya, ba zan kai gobe ba."

Zahra'u ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki ƙullin kayan, ta sunkuya za ta ciccibi yaron. Rana ta take, titi da nisa, mace da tsohon ciki. Sai na ga ta yi taga-taga ta dafa bango. Nan zuciyata ta hau. Na fizge yaron, na zare zanen goyon daga bakin ƙullin, wanda Saude ta aika da shi ne ma, na nufe ta.

"Juya."

"Yaya Dije, kada ki..."

"Na ce ki juya! Bakin naki a gaba yake ko a baya? Shekaruna sun kai haka ban taɓa ganin mai numfashi ta ƙeya ba. Ba cewa na yi ki tauna masa ba, ba cewa na yi ki sumbace shi ba. Ki kai wa 'yarki shi bakin titi kafin ta faɗi a hanya a ce muna zaune."

Ban jira ta amsa ba na ɗora mata shi. Ta sandare kamar an dasa ta. Yaron ya kama wuyan rigarta, ya ja ɗankwalinta, ya kwantar da kumatunsa a tsakanin kafaɗunta yadda suke yi in sun gaji. Sai na ga bayan nata ya ranƙwafa da kansa, hannuwanta suka zagaya suka tallafe shi. Ta ja zanen ta ɗaura, kanta a miƙe gaba kamar mai ɗauke da tulu, ko kaɗan ba ta yarda ta waiwaya ba.

Ta ce, a hankali, ta cikin mayafi, "Bakin titi kawai."

Ba ta dawo ba. Mai shayin bakin titi ya ce da motar ta tsaya yaron ya yi barci, Zahra'u ta miƙa hannu, Saude ta ce a bari kada ya farka, ta shiga da shi a bayanta ta zauna a ɗofane. Daga baya aka aiko aka kwashi tukwanenta. A Gwangwan ta yaye shi, da gyaɗar da aka daka a turmi. Masu zuwa sun ce har ta koma ga Allah ba ta sauke mayafin daga bakinta ba, kuma ba ta taɓa ɗaukar yaron ta gaba ba, amma a bayanta ya girma har ƙafafunsa suna dukan ƙwaurinta, aka sauke shi aka ɗora ƙanwarsa. Daminar da ta wuce ta rasu, kwanciyar kwana biyu, ba tari. Ta tafi ba ta san amsar tambayarta ba. Gwiwa ta hana ni zuwa gaisuwa. Gidanta yana nan a rufe, kuma da azahar ba na zama ta wannan gefen dangar.

Ranar da za su fita ɗin, na raka su iyakar ƙofar zaure. Zahra'u a gaba da ƙullin kaya, Saude a baya tana taka ƙasa a hankali kamar wadda ta tashi daga jinya. Ban san ganin ƙarshe ke nan ba, da na nemi magana mai daɗi. Na ɗaga murya na ce:

"Ke Saude! Ja zanen nan sama ki tsuke shi, kan yaron yana lilo. Kin yi goyo kamar wadda ba ta taɓa haihuwa ba!"